Yadda Ake Zaɓen Jakar Kyamara Domin Tafiya a Jirgin Sama

Mai ɗaukar hoto da ya saba zirga-zirga a kan babur daga gidan biki zuwa gidan suna ba ya damuwa da nauyin jakarsa, domin babu mai tambayarsa kilo nawa ta yi. Ranar da aiki ya kai shi filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai, ko don rakiyar alhazai, ko don samun horo a wata ƙasa, ko don ɗaukar wani taro a Agadez, sai ya tarar da sikeli da ma'aikata masu ƙa'ida a rubuce. Jakar da ta zarce ƙa'ida karɓe ta ake yi a tura ta ɗakin kaya na ƙasan jirgi, inda ake jibga akwati a kan akwati, kuma a can ne gilashin kyamara ke fashewa, a can ne kaya ke yin ɓatan dabo. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ƙayyade diyyar da kamfanin jirgi zai biya a kan kayan fasinja, kuma a yanzu iyakarta ba ta wuce kusan dala dubu biyu ta Amurka ba, kuɗin da sau da yawa ba zai sayi kyamara ɗaya da gilashinta ba. Saboda haka manufar wannan aiki ɗaya ce, wato kyamara ta shiga jirgi tare da mai ita ta kuma sauka tare da shi. Jaka ita ce abin da ake saya a ƙarshe, bayan an auna kaya an kuma san ƙa'idar jirgin da za a hau.

Kayan da za ka tanada kafin ka fara

Kana bukatar tef ɗin awo irin na tela, da sikelin rataya mai ƙugiya wanda ake auna kaya da shi. Idan ba ka da sikeli, na mai sayar da iskar gas ko na kantin unguwa ya wadatar, muddin yana nuna giram ɗari-ɗari. Ka tanadi takarda da biro, da tikitinka ko shafin intanet na kamfanin jirgin, da salatif baƙi irin na masu gyaran lantarki, da ƴan ƙananan ledoji masu zif. Sai kuma dukan kayan aikin da kake tunanin tafiya da su: kyamara, gilasan da ake ɗaura mata a gaba, fitilar filashi, batura, caja, katunan ajiyar hoto, kwamfutar hannu da wayoyinta, da ƙafar kyamara idan aikin na bukatarta.

1. Shimfiɗa kayan, ka rage, sannan ka auna

Ka baza kayan duka a kan tabarma ko gado, ka ɗauki kowanne ka tambayi kanka ko aikin da za ka je yi zai tsaya idan babu shi. Wanda ba zai tsayar da aiki ba, ajiye shi a gida. Masu sabon shiga sukan ɗebi gilashi huɗu ko biyar, su dawo ba su ɗaura fiye da biyu ba.

Abin da ya rage sai ka auna shi ɗaya bayan ɗaya kana rubutawa. Ga misalin da ke nuna inda gizo ke saƙa. Babbar kyamara irin ta ƙwararru da batirinta tana kai giram 900. Matsakaicin gilashin zuƙo hoto mai lamba 24-70 yana kai giram 800, dogon nan mai 70-200 kuwa kusan kilo ɗaya da rabi ne. Filashi da baturansa rabin kilo, kwamfuta da cajarta kusan kilo 2, sauran batura da caja da wayoyi su ma rabin kilo. Jimilla ta haura kilo 6 ke nan, alhali ba a saka nauyin jakar kanta ba. Ka riƙe wannan adadi da kyau, domin shi zai yanke hukuncin irin jakar da za ka iya saya.

Bayan nauyi, ka auna tsawon gilashi mafi tsawo, da tsayin kyamara daga gindinta zuwa samanta. Waɗannan awo biyu su ne za ka gwada da zurfin jaka a kasuwa.

2. Gano ƙa'idar jirgi mafi tsauri a cikin tafiyarka

Kowane kamfani da nasa awo. Mafi yawansu suna yarda da jakar hannu mai tsawon santimita 55, faɗi 35 zuwa 40, kauri 20 zuwa 25. A ɓangaren nauyi, Ethiopian Airlines na ba fasinjan kujerun talakawa kilo 7, Turkish Airlines kuma kilo 8, wasu kamfanonin na kaiwa kilo 10 ko 12. Ƙa'idojin nan sukan sauya, don haka abin da ke rubuce a tikitinka shi ne abin dogaro, ba abin da wani ya faɗa maka a majalisa ba.

Abu biyu ake yawan mancewa da su. Na farko, awon tsawo ya haɗa da tayoyi da mariƙi da aljifan waje idan sun cika sun kumbura. Mai sayar da jaka yakan faɗa maka awon cikinta, ma'aikacin jirgi kuwa wajenta yake aunawa. Na biyu, tafiya daga Yamai ba kasafai take zama jirgi ɗaya ba. Ana sauya jirgi a Addis Ababa, ko Kasabalanka, ko Istanbul, ko Lome, ko Abijan, wani lokaci ma a sauya kamfani. Jakar da ta wuce lafiya a Yamai tana iya maƙalewa a zango na biyu, saboda haka ka ɗauki awon da ya fi ƙanƙanta a duk zangon tafiyar ka yi aiki da shi. Idan a cikin tafiyar akwai ƙaramin jirgi mai farfela, irin wanda ke zuwa biranen cikin gida, ka sani ma'ajiyar kayan da ke saman kujerunsa ƙarama ce ƙwarai, jaka mai taya ba ta cika shiga ba ko da ta cika ƙa'idar takarda.

Ka duba kuma ko tikitinka ya ba ka damar ƙarin ƙaramar jaka da ake turawa ƙarƙashin kujerar gaba. Idan ya bayar, kwamfuta ta koma can, ka ga an sauke wa jakar kyamara kusan kilo 2.

3. Zaɓi nau'in jaka

Yanzu ka cire nauyin kayanka daga nauyin da jirgi ya yarda. Abin da ya rage shi ne nauyin da jakar za ta iya yi tana wofi.

Jaka mai taya tana hutar da baya a doguwar tafiyar cikin filin jirgi, amma tayoyi da ƙarfen ja da ƙashin jikinta suna cin kilo 3 zuwa 5 kafin a saka mata komai. Ga mai kilo 7 ko 8, rabin rabonsa ya tafi a banza. Ita ce kuma ta fi jan idon ma'aikata, ita ake fara cewa a ɗora a sikeli, ita ake fara karɓewa idan jirgi ya cika. Sannan tayoyinta na daɓen filin jirgi ne. Da zarar an fito titin yashi a unguwannin Yamai ko Tahoua, ɗaukarta za ka yi a hannu.

Jakar rataya ta kafaɗa ɗaya ta dace da mai kyamara ɗaya da gilashi biyu, kuma ta fi kowace saurin ciro kaya, sai dai idan nauyi ya wuce kilo 4 kafaɗa za ta gaya maka kafin ka kai ƙofar jirgi.

Akwatin roba mai tauri, irin na Pelican, shi ne ya fi tsare kaya daga bugu da ƙura da ruwa, amma wanda aka yi daidai awon jakar hannu yana kai kusan kilo 6 shi kaɗai. Amfaninsa na ga wanda ya san dole kayansa su bi ɗakin ƙasa, kamar masu manyan fitilu da na'urorin bidiyo.

A ganina, jakar goyo ce ta fi dacewa da mafi yawan masu tashi daga nan. Nauyinta kilo ɗaya da rabi ne zuwa biyu da rabi, tana ɗan lanƙwasa ta shiga inda akwati ba zai shiga ba, hannuwanka biyu suna sake don fasfo da tikiti, kuma da ita za ka hau babur ko ka kutsa cikin taron ƴan kallon kokawa bayan ka sauka. Ka fi son wadda ake buɗewa ta gefen da ke manne da bayanka, domin mai dogon hannu ba ya iya zuge ta kana cikin cunkoso, kuma idan ka kwantar da ita a ƙasa don ciro gilashi, gefen da ya taɓa ƙasa ba shi zai koma jikin rigarka ba.

4. Duba jakar da hannunka kafin ka biya

Ka tafi kasuwa da tef da sikeli da kyamararka da dogon gilashinka. Ko a kantunan kayan lantarki na Babbar Kasuwa kake nema, ko a cikin kayan gwanjo, ko wani ne zai kawo maka daga waje, kada sunan da aka liƙa a jikin jaka ya ruɗe ka. Sunaye irin su Lowepro da Manfrotto da Think Tank suna da jakunkuna masu ƙarko, amma na jabu ma suna ɗauke da sunan, kuma tsohuwar jaka ta asali ta fi sabuwa ta jabu nesa ba kusa ba.

Fara da zif, domin shi ne ke fara mutuwa a ƙasar ƙura. Ka zuge shi ka mayar sau da yawa, musamman a kan kwana, ka ga ko yana cijewa ko haƙoransa na rabuwa a baya. Zif mai manyan haƙora ya fi jure yashi, kuma idan ka ga an buga YKK, sunan wani kamfanin ƙera zif, a kan mariƙinsa alama ce mai kyau. Ya kasance yana da mariƙi biyu masu huda da za su haɗu a saka musu ƙaramin kwaɗo.

Daga nan ka matsa sosan gindin jakar tsakanin babban yatsa da manuni. Idan yatsun suka haɗu cikin sauƙi, soson nan ba zai tare komai ba ranar da jakar ta faɗo daga kafaɗa. Soso mai kyau yana da tauri, yana kuma komawa yadda yake da zarar ka saki. Gindi da kusurwoyi su ne wuraren da bugu ke sauka, su za ka fi matsa wa bincike. Ka ciro ƴan bangayen soso da ke raba cikin jakar ka sake manna su. Abin mannewar nasu yana kama ƙyalle ne kamar yadda ƙarangiya ke kama wando, kuma idan ya tsufa sai ya daina riƙewa, kaya su riƙa gogar juna a hanya.

Ka ja maratayan da ƙarfi kana kallon ɗinkin da ya haɗa su da jikin jakar. Ɗinki mai siffar akwati da gicciye a ciki shi ne mai riƙo. Layi ɗaya tak ba ya daɗewa. Jakar da za ta ɗauki fiye da kilo 6 tana bukatar ɗamarar ƙugu, domin ƙugu ya karɓi nauyin maimakon kafaɗu. Sannan ka saka kyamara da dogon gilashin ka rufe. Idan sai ka danna murfin kafin zif ya ja, zurfinta bai isa ba, ka bar ta komai arharta.

Akwai ƙananan abubuwa da ke da daɗi idan an same su. Cikin jaka mai launi mai haske yana sa a ga ƙaramin kati ko murfin gilashi da ya faɗa lungu. Rigar ruwa da ake lulluɓa wa jaka ta fi yi mana aiki a lokacin hunturu fiye da damina, domin ƙura ita ce ke shiga ta haƙoran zif. Jakar da ba ta da babban tambarin kyamara a waje ta fi kwanciyar hankali, tun da ba ta shela abin da ke cikinta.

5. Idan ba a samu jakar kyamara ba

Wanda ke Tahoua ko wani gari da zaɓi ya yi ƙaranci ba sai ya fasa tafiya ba. Ka sami jakar goyo mai ƙarfi irin ta kwamfuta wadda ta shiga awon jirgi, ka sayi soso mai tauri mai kaurin santimita ɗaya zuwa biyu, ka kai wa tela ko baduku tare da kayan aikinka. Ya yanka soson ya yi akwati marar murfi daidai cikin jakar, ya lulluɓe shi da ƙyalle mai laushi wanda ba ya zubar da zare, ya ɗinka bangaye biyu ko uku a tsakiya. Ka roƙe shi ya ninka soson gindi. Wannan akwati yana da wata fa'ida da za ta bayyana a mataki na ƙarshe, wato ana zare shi ɗungurungum daga cikin jakar.

Idan lokaci ya ƙure ko wannan bai samu ba, ka naɗe kowane gilashi a cikin rawani ko tawul mai tsabta, ka saka shi a tsakiyar tufafi, kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Dabara ce ta tafiya ɗaya, ba ta kullum ba.

6. Jera kayan a ciki

Mafi nauyi ya zauna kusa da bayanka kuma wajen ƙasa, marasa nauyi su hau sama. Ka cire dogon gilashi daga jikin kyamara kafin tafiya, ka rufe kowanne da murfinsa, saboda idan jakar ta bugu suna haɗe, bakin da ya haɗa su ne ke karɓar dukan ƙarfin, gyaransa kuwa tsada gare shi. Kowane abu ya cika gurbinsa ba tare da ya yi lilo ba. Inda ya rage sarari, cusa safa ko ƙyallen goge gilashi. Katunan ajiyar hoto kada su kwana a jaka ɗaya da kwamfutar da ka kwafe hotunan a ciki, ka sa su a aljihun rigarka, domin idan ɗaya ya salwanta ɗayan ya tsira.

Kwamfuta ta kasance a aljihun da za ka zaro ta ba tare da ka buɗe sauran kayan ba, tun da a wurin bincike akan ce a fito da ita a ɗora a faranti daban.

7. Batura

Wannan ba zaɓi ba ne, doka ce ta sufurin sama. Baturan litiyom da ba sa cikin na'ura, har da batirin ajiyar caji na waya, ba a saka su a kayan da ke bin ɗakin ƙasa; dole su kasance a jakar hannu, domin idan ɗaya ya kama wuta a cikin fasinjoji ana gani a kashe. Batirin da bai wuce Wh 100 ba (Wh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) yana wucewa ba tare da neman izini ba. Daga 100 zuwa 160 sai da amincewar kamfanin jirgi, kuma guda biyu kawai ake yarda da su. Abin da ya haura 160 ba ya shiga jirgin fasinja.

Adadin yana rubuce a jikin batirin. Idan babu, ka ninka lambar V da lambar mAh da ke rubuce a jikinsa ka raba da dubu. Batirin kyamara mai V 7.2 da mAh 2,000 bai kai Wh 15 ba, ka ga yana nesa da iyaka. Batirin ajiyar caji mai V 3.7 da mAh 20,000 yana kan Wh 74. Waɗanda za su yi hattara su ne masu manyan baturan bidiyo da na fitilu. Batirin da rubutun jikinsa ya goge ana iya ƙwace shi, don ma'aikaci ba shi da hanyar tabbatar da ƙarfinsa. Ka rufe bakin ƙarfen kowane batir da salatif ko ka sa shi a ledarsa shi kaɗai, kada ya haɗu da makulli ko tsabar kuɗi. Jakar da za ka saya ta kasance tana da aljihu ɗaya da zai ɗauke su duka wuri guda.

8. Abin da za a mayar babban akwati

Wuƙa, almakashi, sukuddireba da makamantansu su bi babban akwati mai tafiya ɗakin ƙasa. Ruwan goge gilashi yana shiga jakar hannu idan kwalbarsa ba ta wuce mililita 100 ba. Ƙafar kyamara kuwa hukuncinta ya danganta da filin jirgi da ma'aikacin da ka tarar, don haka ya fi sauƙi a naɗe ta cikin tufafi a babban akwati maimakon a ɗaure ta a gefen jaka, inda za ta ƙara faɗi da nauyi. Na'urar bincike ba ta yi wa kyamara ko katin ajiya komai. Mai tafiya da ƙaramin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ya binciki dokar ƙasar da zai sauka tun kafin ya sa shi a jaka. Maroko, alal misali, tana karɓe shi a hannun wanda ba shi da izini.

Ka rubuta lambar jikin kowace kyamara da gilashi a takarda, ka haɗa da rasiɗan saye ko hotunansu a waya. Suna amfani idan ƴan duwan suka tambaya lokacin dawowa ko kayan sababbi ne, suna kuma amfani wajen kai rahoton sata.

9. Gwada ta a gida

Kwana biyu ko uku kafin tafiya ka cika jakar yadda za ta tafi, ka rataya ta a sikeli, ka auna tsawo da faɗi da kauri tana cike. Ka bar sararin kusan rabin kilo, saboda sikelinka da na filin jirgi ba lalle bakinsu ya zo ɗaya ba. Ka goya ta ka yi tafiyar rabin awa; inda za ta ci maka kafaɗa zai bayyana tun kana da lokacin gyarawa. Idan nauyi ya zarce kaɗan, caja da wayoyin caji su koma babban akwati, batura su shiga aljihun riga, kyamarar kuma ka rataya ta a wuya.

Wanda zai taso daga Tahoua a motar bus, tafiyar kusan kilomita 550 ta Birnin Konni da Dogon Dutsi da Dosso, ya riƙe jakar a cinyarsa ko tsakanin ƙafafunsa, kada ya bari a tura ta ƙasan mota tare da buhuna, inda zafi da girgiza da ƙura suka haɗu.

10. Idan aka ce a ƙofar jirgi sai an karɓi jakar

Yana faruwa ko da ka cika kowace ƙa'ida, musamman idan jirgi ƙarami ne ko ma'ajiyar sama ta cika, shi ya sa zuwa da wuri da shiga cikin na farko ke da amfani. Gardama ba ta cika fitar da mutum a nan ba. Ka buɗe jakar ka nuna abin da ke ciki, ka ce cikin ladabi, "Hajiya, kayan aikina ne, gilashi ne da batura, a taimaka a bar ni in sa ta a ƙarƙashin kujera." Ambaton batura yana da nauyi, domin su ma sun san doka ta hana a tura su ƙasa, kuma sau da yawa akan nema wa jakar wuri.

Idan duk da haka aka dage, kada ka miƙa ta yadda take. Ka tanadi ƙaramar jakar ƙyalle a naɗe a aljihun waje tun daga gida. Ka tsuguna a gefe, ka zaro kyamara ka rataya a wuya, gilasai da batura da kwamfuta su shiga jakar ƙyallen, ko kuma ka zare akwatin soson nan gaba ɗaya ka rungume shi. Abin da ya rage ka zuge, ka saka kwaɗo, ka karɓi takardar shaidar kaya, ka kuma tambaya ko a gindin matakala za a mayar maka da ita ko a wurin karɓar kaya, domin wurin ya kan bambanta daga jirgi zuwa jirgi.

Bayan sauka, idan garin mai laima ne kamar Lome ko Abijan, kada ka buɗe jakar nan take. Kayan sun yi sanyi a cikin jirgi, kuma da iska mai ɗumi ta taɓa gilashi sai ya yi gumi ciki da waje. Ka bar ta a rufe kamar rabin awa har zafinta ya daidaita da na garin, sannan ka ciro kyamara ka ɗauki hoto ɗaya ko biyu da kowane gilashi, don ka tabbatar komai na aiki tun kana da damar kai ƙorafi kafin ka bar filin jirgin.